Inda Kwalta Ta Ƙare: Guguwar Ida da Ƙauyukan Masuntan Luwiziyana

Ranar Lahadi, 29 ga Agusta, 2021, gab da tsakar rana, mahaukaciyar guguwar da aka raɗa wa suna Ida ta fito daga Tekun Meziko ta afka wa gaɓar jihar Luwiziyana da ke kudancin Amurka. Ta sauka ne a tashar jiragen ruwa ta Port Fourchon da iska mai gudun kilomita 240 a awa guda. Ranar ta yi daidai da cikar shekara 16 da guguwar Katrina, wadda a 2005 ta fasa ganuwar tare ruwa ta birnin Niyu Olins, ta nutsar da mafi yawan birnin, ta kuma yi ajalin mutum sama da 1,300 a yankin. Shi ya sa hankalin duniya ya tattara kan tambaya guda: sabuwar ganuwar da gwamnatin tarayya ta kashe wa kimanin dala biliyan 14.5 za ta jure kuwa? Ta jure. Wutar lantarki ta ɗauke a birnin baki ɗaya, amma ruwan teku bai shiga ba, kowa ya yi ajiyar zuciya.

Kwana uku bayan haka ragowar hadarin ya isa arewa maso gabashin ƙasar, ya haddasa ambaliya a Niyu Yok da maƙwabtanta. Mutane da dama suka mutu, wasunsu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da suke haya. 'Yan jarida suka kwashi kayansu suka nufi can. A makon ne kuma sojojin Amurka na ƙarshe suka fice daga Kabul. Labarin Luwiziyana ya sauka daga kanun labarai tun ba a gama share hanyoyin shiga ƙauyukan da guguwar ta fi yi wa ɓarna ba.

Kudu da Niyu Olins, ƙasa takan riƙa narkewa ne a hankali cikin fadama da rafuka har ta zama teku. Garuruwa irin su Dulac da Chauvin da Montegut da Pointe-aux-Chênes a gundumar Terrebonne, da Galliano da Golden Meadow a gundumar Lafourche, duk a jere suke a kan siririn tudun da ke bin bakin rafi: layin gidaje ɗaya ko biyu, titi ɗaya, ruwa dama da hagu. Grand Isle kuwa tsibiri ne, hanya guda ce tal ke kaiwa gare shi. Mutanen nan masunta ne, suna kama jatan lande da ƙaguwa, wasu kuma suna aiki a jiragen da ke yi wa rijiyoyin man fetur na cikin teku hidima. Akwai jikokin Faransawan da Ingilishi suka koro daga Kanada a ƙarni na 18, akwai 'yan asalin nahiyar da Turawa suka tarar, irin su ƙabilar Houma da ta Pointe-au-Chien, akwai baƙar fata jikokin bayi, ga kuma 'yan Biyetnam da suka zo bayan 1975. Har yau ana samun tsofaffin da Faransanci ne harshensu na cikin gida. Ta Port Fourchon ake yi wa mafi yawan rijiyoyin mai na zurfin Tekun Meziko hidima, wato dukiya mai yawa tana wucewa ta ƙofar gidan mutanen nan kullum, amma kaɗan ce ke kwana a wurinsu.

Irin wannan guguwa ba baƙuwarmu ba ce gaba ɗaya. Da yawa daga manyan guguwoyin Tekun Atalantika, asalinsu hadarin damina ne da ke tasowa daga gabas, ya ratsa ta kan ƙasashenmu na Sahel, ya fice ta gaɓar Senigal. In ya tarar da ruwan teku mai ɗumi, kamar digiri 26 zuwa sama, sai ya riƙa zuƙar tururi yana juyawa yana ƙara ƙarfi. Ida ta tarar da Tekun Meziko da zafi ƙwarai, cikin kwana guda ta tashi daga mataki na 1 zuwa mataki na 4 a ma'aunin da ke da matakai 5. Wannan saurin ya rage wa mutane lokacin gudu. Gudun ma da kuɗi ake yin sa: a sha mai, a kama ɗaki a otal na kwanakin da ba a san iyakarsu ba, a ciyar da iyali a hanya, ga wata ya zo ƙarshe aljihu ya bushe. Masunci kuma yana da nasa dalilin na zama. Jirginsa shi ne jarinsa, in ya bar shi ba mai kula da igiyoyinsa, ba lalle ya dawo ya tarar da shi ba. Wanda ke nesa zai ce taurin kai ne ya hana su fita. Wanda ya san lissafin ba zai yi saurin faɗin haka ba.

Ɓarnar ta zo iri biyu. A Terrebonne da Lafourche iska ce ta fi yin aiki, ta yaye rufin gidaje dubbai, ruwan sama ya zuba a kan katifu da takardu da silin. A garuruwan Lafitte da Grand Isle da Ironton kuwa teku ce ta tunkuɗo. Jami'ai sun ce babu ginin da ya tsira lafiya a Grand Isle, yashi ya binne tituna. Ironton ƙaramin gari ne a gundumar Plaquemines da 'yantattun bayi suka kafa a ƙarni na 19. Taɓo ya cika gidajensa, ruwa ya ɗago akwatunan gawa daga maƙabarta ya watsa su cikin gari, mutane suka koma neman iyayensu da suka daɗe da binnewa.

Sama da gidaje da wuraren kasuwanci miliyan 1 ne suka rasa wuta a jihar, turakun wuta fiye da 30,000 suka karye ko suka lalace. Niyu Olins ta samu wutarta cikin kimanin mako biyu. Ƙauyukan bakin rafi sun shafe wata guda, wasu ma fiye. Kamfanin wuta yana fara gyara ne daga inda layi ɗaya zai haskaka mutane mafi yawa, kuma ba za a ce lissafin nan ba shi da hujja ba, amma sakamakonsa kullum iri ɗaya ne: mutumin ƙarshen titi shi ne na ƙarshe. In babu wuta, famfo ba ya kawo ruwa, gidan mai ba ya ba da mai, waya ba ta da sabis, mai ciwon sukari ba shi da inda zai sanyaya allurarsa. Asibitocin birnin Houma da na yankin Galliano sun lalace har aka kwashe marasa lafiya, a daidai lokacin da cutar korona ta cika gadajen sauran asibitocin jihar. Bayan iska ta lafa mutane sun ci gaba da mutuwa, tsofaffi saboda tsananin zafi, wasu kuma saboda hayaƙin janareta da suka kunna cikin gida ko dab da taga. Wannan haɗarin ya shafe mu kai tsaye, mu da janareta ta zama abokiyar zama: gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari, ba ta da launi, tana kashe iyali guda suna barci. A ajiye janareta a fili, nesa da ƙofa da taga, ko da ana tsoron ɓarawo.

Agajin kwanakin farko ya zo, ba a musun wannan. Sojoji da ƙungiyoyi sun raba ruwa da ƙanƙara da dafaffen abinci. Matsalar ta fara ne a mataki na gaba, lokacin da aka daina miƙa wa mutum abu a hannu aka ce ya cike fom.

Hukumar agajin gaggawa ta tarayyar Amurka, FEMA, takwarar NEMA ta Nijeriya, tana karɓar buƙata ne ta intanet ko ta waya, ko a cibiyoyin da takan buɗe bayan kwanaki, galibi a manyan garuruwa. Mutumin da ba shi da wuta ba shi da sabis, motarsa ta sha ruwa, ba kuma motar haya a yankinsa, ta ina zai fara? In ya samu ya nema, a 2021 ana iya ba shi dala 500 ta biyan buƙatun gaggawa. Iyakar abin da doka ta yarda a ba gida ɗaya don gyaran muhalli a shekarar ita ce dala 36,000, kuma kaɗan ne ke samun ko kusa da haka, domin tallafin an tsara shi ne don gidan ya zaunu kawai, ba a tsara shi don sake gini ba. A lokacin, da yawa akan ce musu sai sun fara neman rance daga hukumar ƙananan sana'o'i, in an hana su sannan a duba wasu buƙatunsu. Tsohon da ya haura saba'in, ko masuncin da kuɗinsa ke shigowa da kaka, yau akwai gobe babu, cin bashi ba mafita ba ce gare shi. Sai wasiƙa ta zo da harshen lauyoyi tana cewa bai cancanta ba. Yana da kwana 60 ya ɗaukaka ƙara, kuma sau da yawa takarda ɗaya ce kawai ta rage, amma mutane da yawa suna ɗauka magana ta ƙare, su ninke wasiƙar su ajiye.

Takardar da ta fi kayar da mutanen karkara ita ce shaidar mallakar gida. Duk Bahaushe ya san gidan gado: kaka ya gina, ya rasu, ba a raba ba, 'ya'ya da jikoki suna ciki, unguwa duka ta san gidan wane ne, amma ba wata takarda mai ɗauke da sunan wanda ke kwana a cikinsa yau. Haka abin yake a karkarar kudancin Amurka, musamman tsakanin baƙar fata da 'yan asalin nahiyar. Kakanninsu sun mallaki filaye bayan an soke bauta, a zamanin da kotu da lauya ba wuraren da baƙin mutum zai je da kwanciyar hankali ba ne, suka mutu ba su bar wasiyya a rubuce ba. Fili ya riƙa gangarowa daga tsara zuwa tsara da sunan mamaci. Mutum yana biyan harajin gidan shekara da shekaru, shi ke gyara rufinsa, a cikinsa aka haife shi, amma ranar da guguwa ta rushe shi sai hukuma ta ce ba ta ga shaidar cewa nasa ba ne. Wannan ƙa'ida ta hana iyalai da yawa tallafin sake gini bayan Katrina, ta kuma hana dubun-dubatar mutane a tsibirin Puerto Rico bayan guguwar Maria ta 2017.

A watan Yulin 2021 jaridar Washington Post ta wallafa bincike kan yadda ƙa'idar ke cutar da baƙar fata a karkarar kudu. Ranar 2 ga Satumba, kwana huɗu bayan Ida, FEMA ta sanar da sassauci: za ta karɓi rasiɗin haraji, ko na babban gyaran da mutum ya yi wa gidan, ko wasiƙar wani jami'in gwamnati, in duk babu ta karɓi rubutacciyar shaidar mutum a kan kansa. Gyara ne mai kyau, kuma ya nuna cewa tun asali ana iya yin sa. Sai dai sanarwar da aka yi a Washinton ba ta isa kunnen tsohuwar da ke kwana a tanti a Dulac da kanta, sai wani ya taka ya je ya faɗa mata. Banki da kamfanin inshora kuma ba su canza tasu ƙa'idar ba.

Ƙabilun 'yan asali suna da ƙarin wani cikas. Tun 2013 doka ta ba ƙabilar da gwamnatin tarayya ta amince da ita damar neman agajin bala'i kai tsaye daga shugaban ƙasa. Houma da Pointe-au-Chien jihar Luwiziyana ce kawai ta amince da su, tarayya ba ta yi ba, duk da shekaru da dama da suka yi suna nema. Don haka ba su da ƙofar shiga tasu, sai su bi layin gunduma da jiha. A ƙauyen ƙabilar Pointe-au-Chien mafi yawan gidaje ba su zaunu ba bayan Ida.

Wanda ya ga hotunan yankin daga sama a watannin da suka biyo baya zai ga shuɗi ko'ina. Tamfol ne da rundunar injiniyoyin sojan Amurka ke shimfiɗa wa gidaje kyauta. An yi shi ne don ya riƙe na kimanin kwana 30 kafin a yi gyara na gaske, kuma ba a sa wa gidan da fiye da rabin katakon rufinsa ya lalace, wato wanda ya fi kowa asara shi ne ba ya samu. Shekara ta zagayo tamfol na nan a kan gidaje da yawa, rana ta cinye shi ya yayyage. A ƙasa mai zafi da laima irin wannan, gidan da ruwa ya shiga fumfuna ke cinye shi cikin 'yan kwanaki, ta kama bango da silin, ta sa wa yara da tsofaffi ciwon ƙirji. Gidan da kuɗi kaɗan za su ceta a watan Satumba, kafin watan Maris ya zama na rushewa.

An ba mutane damar zama a otal da kuɗin gwamnati, amma otal-otal na Houma su ma sun lalace, waɗanda suka rage ma'aikatan gyaran wuta sun cika su. Ɗakin da za a samu yana da nisan awoyi a mota. Kakar kamun jatan lande kuwa a watan Agusta take buɗewa, wanda ya tafi ya bar abincin shekararsa. Mutane suka kafa tanti a gaban kangon gidajensu, wasu suka koma kwana cikin mota ko cikin jirgi. Gidaje masu taya da FEMA ke kawowa sun yi jinkiri har gwamnatin jiha, ƙarƙashin Gwamna John Bel Edwards, ta ɓullo da nata shirin a watan Oktoba. Duk da haka sanyi ya tarar da iyalai a tanti.

Kuɗin sake gini na dogon lokaci sun fi komai jinkiri, kuma a ganina nan ne babban laifin tsarin yake. Babu asusun dindindin da ke buɗewa da kansa in bala'i ya auku. Kowane karo sai majalisar dokokin tarayya ta zauna ta ware kuɗi, ma'aikatar gidaje ta rubuta ƙa'idoji, jiha ta rubuta tsari a amince da shi, sannan a fara karɓar buƙatun jama'a. Guguwar Laura ta daki kudu maso yammacin Luwiziyana ranar 27 ga Agusta, 2020, Delta ta biyo ta bayan mako shida a kusan wuri ɗaya, amma majalisa ba ta ware irin waɗannan kuɗi ba sai ƙarshen Satumban 2021, wata 13 bayan Laura. Iyali ba sa iya jiran wata 13 a tanti. Uba zai samu aiki a wani gari, a sa yara a makarantar can, kafin kuɗin su iso an riga an yi sabuwar rayuwa. In iyalai suka ragu sai a rufe makaranta, mai kanti ya tashi, likita ya daina zuwa, waɗanda suka yi niyyar dawowa su fasa. Gundumar Cameron, wadda ita ma ta masunta da makiyaya ce a bakin teku, tana da mutum 9,991 a ƙidayar 2000. Guguwar Rita ta daka ta a 2005, Ike a 2008. A ƙidayar 2020 saura 5,617, kuma wannan kafin Laura ta sauka a kanta ne.

Hatta wajen kariya ma'aunin bai yi wa ƙauye adalci ba. Kafin gwamnatin tarayya ta gina ganuwa takan auna kuɗin aikin da darajar dukiyar da zai kare. Unguwar manyan gidaje tana cin wannan jarrabawa cikin sauƙi, ƙauyen masunta mai gidajen katako yana faɗuwa, ko da mutanensa sun yi shekara 200 a wurin. Majalisa ta amince da aikin ganuwar Morganza, mai tsawon kusan kilomita 160, don kare Terrebonne da wani ɓangare na Lafourche tun 2007, amma aka shafe sama da shekara goma tarayya ba ta saki kuɗin gini ba. Mutanen yankin suka ƙara wa kansu haraji suka fara ginawa tare da taimakon jiha. Ganuwar kudancin Lafourche, wadda mazauna suka yi shekaru suna ƙara mata tsawo da harajinsu, ta tare ruwan Ida. Ƙananan hukumomin karkara kuma suna da wata wahalar: a bisa ƙa'ida su za su fara kashe kuɗin gyara sannan tarayya ta mayar musu da kashi 75 cikin 100, alhali ba su da rarar kuɗi, ba su da ma'aikatan da suka ƙware wajen rubuta takardun neman tallafi kamar na manyan birane.

Sana'a kuwa kusan ba ta cikin lissafin agajin farko. Masunci yana buƙatar jirgi da inji da raga, yana buƙatar kwatar da zai sauke kaya, da masana'antar ƙanƙara, domin jatan lande ba ya kwana ba ƙanƙara. Ida ta nutsar da jirage ta rushe kwatoci da wuraren yin ƙanƙara, har wanda jirginsa ya tsira ya rasa inda zai sayar. Wani nazari da masanan jami'ar jihar suka yi tare da hukumar kula da kamun kifi ya ƙiyasta asarar da guguwoyi huɗu na 2020 da 2021 suka jawo wa wannan sana'a a kan dala miliyan 579. Tallafin tarayya ga masunta yakan ɗauki shekaru kafin ya shiga hannu, ga kuma jatan lande mai arha da ake shigowa da shi daga ƙasashen waje ya karya farashi. Mutumin da aka mayar wa jirginsa zai gyara rufinsa da kansa. Wanda aka ba buhunan abinci aka bar shi ba jirgi, wata mai zuwa ma yana kan layi.

Inshora, wadda ita ce madogarar mai gida a Amurka, ta juya musu baya. Inshorar iska daban, ta ambaliya daban, sai a yi ta jayayya kan wanne ne ya rushe gidan. Kamfanoni 12 da ke aiki a jihar sun karye bayan guguwoyin 2020 da 2021. Kamfanin jiha da ke karɓar waɗanda kowa ya ƙi ya ƙara kuɗinsa da kashi 63 cikin 100 daga farkon 2023. Tsoho mai ɗan fansho ya shiga halin gaba kura baya sayaki: ya biya abin da ba shi da shi, ko ya zauna ba kariya yana jiran guguwa ta gaba.

Ƙarƙashin duk wannan, ƙasar kanta tana tafiya. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta lissafa cewa Luwiziyana ta yi asarar kimanin murabba'in kilomita 5,200 na gaɓarta daga 1932 zuwa 2016, wato kusan rubu'in faɗin jihar Kano. An yi wa kogin Misisipi jinga don kare birane da jiragen kasuwanci, lakar da yake zubarwa tana gina fadama ta koma zubewa cikin zurfin teku. Kamfanonin mai sun haƙa dubban kilomitoci na magudanai, ruwan gishiri ya bi ta ciki ya kashe ciyayi da itatuwa. Ƙasa tana nutsewa, teku tana ƙaruwa. Fadamar nan ita ce ke rage ƙarfin ruwa kafin ya iso gidaje. Tsibirin Isle de Jean Charles ya rasa kusan kashi 98 cikin 100 na ƙasarsa tun 1955. A 2016 tarayya ta ware dala miliyan 48 don mayar da mazaunansa wani sabon matsuguni da ke kimanin kilomita 60 a arewa, amma ba su fara tarewa ba sai 2022, shekara guda bayan Ida ta same su. Mutanen nan ba su suka yi wa kogi jinga ba, ba su suka haƙa magudanan ba.

Abin da ya riƙe ƙauyukan nan a watannin farko shi ne junansu. Masu ƙananan jirage sun shiga ceto tun kafin jami'ai su iso. Coci-coci da cibiyoyin ƙabilu sun zama rumbunan raba kaya, domin su suka san wace tsohuwa ce ke zaune ita kaɗai a ƙarshen rafi, wane ne ba ya iya karanta Ingilishi, wane ne kunya ba za ta bar shi ya tsaya a layi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masu aikin agaji sun daɗe suna roƙon jama'a su daina aiko da tsofaffin tufafi barkatai, domin tantance su yana cin lokaci da wurin ajiya, ƙarshe a zubar. Abin da ake nema shi ne kuɗi a hannu, da mai, da katako da kwanon rufi, da kafintoci, da lauya ko wani mai ilimi da zai zauna da mutum ya cike masa fom ya bi masa ƙara. Mutanen Pointe-au-Chien, waɗanda aka rufe musu makarantar firamare watanni kaɗan kafin Ida, sun yi ta fafutuka har jiha ta amince da sabuwar makaranta mai koyarwa da Faransanci, aka buɗe ta a 2023. Sun gane cewa garin da ba makaranta ba ya riƙe matasan iyalai.

A watan Maris na 2024 FEMA ta fara aiki da wasu gyare-gyare: ta soke sharaɗin neman rance kafin tallafi, ta ɗaga kuɗin gaggawa zuwa dala 750, ta sauƙaƙa ɗaukaka ƙara. Duk abubuwa ne da mutanen karkara suka yi shekaru suna kuka a kai. Jinkirin kuɗin sake gini da ma'aunin da ke fifita dukiya a kan mutane kuwa gyaran bai taɓa su ba.

In haka ta faru a ƙasar da ta fi kowace kuɗi da kayan aiki, bai kamata mu ɗauka za ta yi wa ƙauyukanmu da sauƙi ba. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum sama da 600 a Nijeriya, fashewar madatsar Alau ta nutsar da Maiduguri a Satumban 2024, kuma a kowane karo gudummawa ta fi taruwa inda kyamara ta tsaya. Ina kira ga hukumomin agaji da ƙananan hukumomi su rubuta sunayen gidajen da ke bakin ruwa tun kafin damina, tare da masu unguwanni da limamai, su kuma karɓi shaidar dagaci da maƙwabta a madadin takardar da talaka ba shi da ita. Mai ba da gudummawa ya tambayi wane ƙauye kayansa za su kai, ya kuma ajiye wani kaso sai bayan wata shida, lokacin da masunci ke neman kwalekwale da koma, manomi ke neman iri. Kai kuma mai karatu, in gidan gado kake zaune, ka tara 'yan'uwanka ku rubuta matsayin gidan a gaban shaidu, ka ɗauki hoton takardar da wayarka, ka kuma ba wani ɗan'uwa da ke wani gari kwafi ya ajiye.